Tawadar da Ban Dangwala Ba

Da a ce na yafa mayafina na fita tun ranar farko, shin da yaron nan yana raye? Tambayar da nake kwana da ita nake tashi da ita ke nan shekara da shekaru. Na kai ta gaban malamai, sun ce da ni ajali ba ya gaba ba ya baya, na kuma yarda, ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma da zarar na zauna ni kaɗai sai ta dawo ta zauna kusa da ni kamar ba a taɓa amsa ta ba. Ban yi karatu ba, ko harafi ɗaya ban sani ba. Jikata ce take karanta min labaran da mutane ke aiko muku, ita ce kuma take rubuta wannan ina faɗa mata. Na ce da ita in ta ga ina kuka kada ta ajiye biro, don in za a jira hawayena su ƙare ba za a taɓa rubuta shi ba.

A lokacin ni ce ungozomar ƙauyenmu, can ƙasar Tofa, inda gona ke manne da gona, gida na hango gida, in ka yi atishawa a zaurenka na unguwar gaba ya amsa maka. Wurin kakata na gaji aikin. Da wuya ka sami gidan da ban shiga na yanke cibiya ba, don haka maganata tana da nauyi a wurin mata fiye da yadda na sani. Shekarun kuwa masu wuya ne. Ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai, bayan shekarar da ta gabata ma ba a samu abin kirki ba. A cikin wannan daminar maigidana ya kwanta, bai tashi ba. Kafin in fita takaba rumbunmu ya kai ƙasa, muna haɗa dusa da garin rogo, muna kwaɗa rama da tafasa. Magidanta suka watse, wasu Watari ƙwadagon noman rani, wasu birni, wasu kudu. Aka bar gari da tsofaffi da mata da yara.

Yaron da nake magana ɗana ne na fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba na faɗin sunansa, ba na kallonsa ido da ido, ba na zama inda yake zaune. Ranar da aka yaye shi yayar mijina, wadda yara ke kira Goggo, ta goya shi ta tafi da shi gidanta a ɗaya unguwar, tun daga ranar kuma hannuna bai sake taɓa jikinsa ba. Mata da yawa suna kunyar ɗan fari, amma tawa ta wuce ta kowa, har ana kafa misali da ni, ni kuma ina jin daɗin hakan. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gida ya riƙe mu, muka zauna gida ɗaya muna magana ta bayan fage. In na gama abinci sai in ce da iska, akwai tuwo a rufe ga mai so. Shi kuma ya dubi bango ya ce an gode. Ƙannensa suna kirana Inna, shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba. Sai dai ya yi gyaran murya.

Shi kaɗai ne a ɗakina ya yi boko mai zurfi, ya gama bai sami aiki ba. Da aka zo ɗaukar masu yi wa mutane rajistar zaɓe sai aka ɗauke shi, aka kuma turo shi garinmu. Ya dawo ranar a kan keken mahaifinsa da kwali ɗaure a baya, cike da katuna sababbi, da babban littafi, da kwalbar tawada, da ɗan gwangwani mai soso a ciki. Na leƙa ta jikin danga na ga yadda yake sauke kwalin a hankali kamar mai sauke jariri. Zuciyata ta cika, amma da maƙwabciya ta yi min barka sai na ce da ita wai ashe, ni ban ma lura ba.

Aka kafa masa tebur da benci a gindin tsamiyar makarantar firamare. Mai shela ya zaga ya ce maigari ya ce kowane baligi ya fito, har mata, waɗanda mazansu ba sa nan ma an yi musu izini. Goggo ce ta fara zuwa, ta dawo ta biyo ta gidanmu tana nuna min babban yatsanta shuɗi, tana ba ni labarin yadda ake yi. Ta ce za ka tsaya a gabansa, ya tambaye ka sunanka ka faɗa da ƙarfi, ya tambayi sunan mijinka ka faɗa, ya ƙiyasta shekarunka, sannan ya kama yatsanka da hannunsa ya danna a soso ya danna a takarda. Tana faɗa tana dariya, ni kuwa ina auna abin a raina. In tsaya a gaban yaron nan a bainar jama'a, in buɗe baki in faɗi sunan mahaifinsa, sunan da ban taɓa furtawa ba yana raye balle yana kabari, shi kuma ya maimaita nawa, ya kama hannuna? Na ce a raina wannan ba da ni ba. Mace ɗaya ba za ta rage komai ba.

Tsofaffin maza suka je, 'yan mazan da suka rage suka je, cikin kwanaki kaɗan suka ƙare. Mata kuwa shiru. Ashe magana ta shiga gari cewa an haɗa tawadar da maganin hana haihuwa, duk macen da ta dangwala ta gama. Ban san bakin da ya fara ta ba, amma daga baya na san wanda ta amfana. Wata rana ina gidan wata mai jego ina gasa mata jiki, ɗaki cike da mata, sai wata abokiyar wasana ta ɗago hannuna sama ta ce kowa ya duba yatsan uwar akawu, fari tas kamar na amarya kafin lalle. Aka yi dariya. Sai wata yarinya mai ciki ta tambaye ni da gaske, murya ƙasa-ƙasa, ta ce Inna, don Allah maganar tawadar nan gaskiya ce? Na san ƙarya ce. Na san yaron nan ba zai ɗauko abin cutarwa ya kawo garinsu ba. Amma kafin in faɗi haka dole in tsaya in yabi ɗan fari a gaban mata, in kare shi da bakina. Sai na sunkuyar da kai na ce ni ban san aikin mutane ba, su tambayi masu yi. Na ga suna kallon juna. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa uku, cewa ungozoma da kanta, uwar mai rajistar, ta ƙi dangwalawa, kuma an tambaye ta ta kasa musawa.

Haka yaron nan ya riƙa fita da hantsi yana wuni a gindin tsamiya shi da ƙudaje, ya dawo da kwalinsa kusan yadda ya fita da shi. A nan ne masifar ta samo ƙofa. Wani mai kuɗi daga cikin gari, mai neman kujera, ya zo da mota ya zauna a bencin. Waɗanda ke wurin sun ce da wasa ya fara, yana kiransa Malam ƙarami, yana cewa takardar da ta yi saura gara ce ke cinye ta, ai gara a bai wa mai amfani da ita. Abin da yake so shi ne katunan da ba a rubuta ba, a cika su da sunayen da zai kawo, yaransa su dangwala. Yaron ya ce da shi ranka ya daɗe, ƙidaya aka ba ni, ƙidaya zan mayar. Mutumin ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa ya tafi. Washegari muka tashi muka tarar da buhun masara a zaurenmu. Ƙannensa suka kewaye buhun suna shafa shi, ƙaramar har tana sa hanci tana shinshina. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na haɗiyi yawu. Ya fito ya tsaya ya dube su, ya dubi buhun, ya kinkime shi ya ɗora a keke, ya tura da ƙafa har inda aka san mutumin na sauka. Yaran suka yi ta kuka. Wani dattijo maƙwabcinmu ya bi shi da faɗa, yana cewa a wasu garuruwan buhuna sun shiga gidaje, shi wane irin tsarki ne da shi da zai hana marayu abinci.

Daga ranar sai wasu samari baƙi suka fara zuwa suna zama a gindin ɗorawar da ke fuskantar teburinsa. 'Yan banga ne, kowa da gorarsa a gefe. Suna shan rake suna tofar da ɓawo suna kallonsa. Ɗaiɗaikun matan da suka fara tunanin zuwa, ganinsu ya mayar da su gida. Ni kuma barci ya ƙaurace min. Wata safiya yana tsakar gida yana ba keke iska, ni ina ba akuya dusa, na tattaro duk ƙarfin da nake da shi na ce da akuyar, mutum dai ya kula da kansa, kayan hukuma ba su kai rai ba. Ya tsaya da famfon. Sai ya ce da tayar keken, amana ce aka ba shi, kuma da mata za su fito da babu abin da zai rage a kwalin balle wani ya yi kwaɗayinsa, mace ɗaya suke jira su gani. Na ji shi sarai. Ban taɓa jin ya roƙe ni komai ba sai ranar. Ya ci gaba da buga famfon a tayar da ta riga ta cika, yana jira in ce wani abu. Na kwashe kwaryata na shige ɗaki.

Goggo ce ta zo ta same ni, ba ta ko zauna ba. Ta ce ita ta goya shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, amma ita ba ungozoma ba ce, yatsanta bai jawo ko mace uku ba. Ta ce kowace mace da ta tsaya a gaban teburin nan kati ɗaya ya fita daga hannun azzalumai, in kwali ya ƙare magana ta ƙare. Ta tambaye ni ko kunyar nan tawa dafawa zan yi in ba yara su ci, ko kuwa lulluɓa masa zan yi in sun zo da gora. Na ce Yaya, ki yi haƙuri, abin ne da nauyi. Ta ce nauyi? Ke da kike sa hannu ki juyo ɗa a cikin uwarsa, yatsa ɗaya ne ya fi ƙarfinki? Na yi mata alkawarin gobe. Gobe ta zo na ce zanena bai bushe ba. Wata goben na ce kaina na ciwo. Kullum in yafa mayafi in kai bakin zaure, in hango tsamiyar daga nesa, sai in juya in koma ciki. Ina cewa a raina ai ya san dalilina, ɗan Hausa ne, ba sai an faɗa masa ba. Haka na yi ta ja har aka wayi gari ranar rufewa, ranar da zai mayar da littafi da sauran katuna ofis.

Ranar na yi wanka da sassafe na ɗaura zanena mai kyau. Shi ya riga ya fita. Na kai bakin zaure ke nan sai ga wani tsoho daga unguwar ƙetaren rafi yana haki, ya ce matar ɗansa ce ke naƙuda tun jiya, cikin fari, mijin yana Watari. Wannan ita ce gaɓar da ta fi ci min rai, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Da na ji saƙon nan, daɗi na ji. Na ji kamar an sauke min dutse daga ka. Makarantar tana kan hanya, da na ratsa na dangwala ba zai ɗauke ni tsawon shan fura ba, amma sai na bi tsohon ta bayan gari, ina ce wa kaina rai ya fi takarda.

Haihuwar ta zo da gardama. Ɗa ya kwanta a karkace, yarinyar ta galabaita, ga yunwar shekara ta riga ta cinye ta. Na wuni a durƙushe ina juyi ina addu'a, kuma duk lokacin da na ɗago na ga inda rana ta kai a bakin ƙofa sai in tuna yau ake rufe rajista. Sai wajen la'asar Allah ya sauke ta, ta sami mace. Na yanke cibiya, na wanke hannu, na ɗago 'yar na dube ta, sai na tuna ranar da aka miƙo min nawa na kawar da kai don kada a ce na yi rashin kunya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce da matan da ke ɗakin, maganar tawada ƙarya ce, ni yanzu makaranta za ni in dangwala, mai zuwa ta zo.

Ban taɓa ganin abu irin na ranar ba. Maganar ta riga ni isa gari. Ina tafe ina ganin mata na fitowa daga bakin danga suna gyara goyo, wata da muciya ma a hannu ta manta ba ta ajiye ba. Ba wadda ta tambaye ni komai, bayana kawai suke shiga. Abokiyar wasan nan tawa ta matso tana cewa yau uwar akawu za ta sha lalle. Na waiwaya sau ɗaya na ga layin ya miƙe har bayan masallaci. Ina ta maimaita sunan maigidana a zuci don kada harshena ya sarƙe. Muka karyo kwanar makaranta. Babu tebur, babu keke, babu samarin gindin ɗorawa. Benci ne kawai, da ɓawon rake. Tsohon mai gadin makarantar ya taso ya ce Malam mai rajista ya jira har bayan azahar, yana ta duban hanyar gidanmu. Da samarin suka tashi suka ce za su ɗauko mota, maigari ya aiko a ce masa ya tattara ya bi ta burtali, kada ya bi titi.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga wata Bafulatana mai tallan nono ta taho a guje ba ƙwarya a kanta, tana nuna hanyar burtali. Ban san na iya gudu ba sai ranar. Muka same shi a kwance a cikin busasshen rafi, keken a gefe ya lanƙwashe. Rigarsa da hannayensa har gwiwar hannu sun rine, na ɗauka jini ne, sai da na matso na ga shuɗi ne. Kwalin na yashe, katunan a warwatse cikin yashi, duk sun jiƙe da tawada, babu ɗaya mai amfani. Daga baya ya gaya wa Goggo cewa da ya hango samarin sun tare gaba sun tare baya, sai ya sauka ya buɗe kwalin ya juye kwalbar duka a ciki ya cuɗa da hannunsa. Littafin sunayen mutanen gari kuwa ya ɗaure shi a bayansa cikin riga. Ɓata katunan nan ne ya sa suka yi masa dukan da suka yi masa. Goggo, wadda ke cikin matan da suka biyo ni, ta faɗa kansa tana kiran sunansa. Ni kuwa, Allah ya gani, ko a nan ƙafata ta tsaya taku kaɗan daga inda yake. Daga tsayen na hango yadda cikinsa ya ɗaga ya yi tauri, kuma aikina ya koya min abin da hakan ke nufi.

Aka sami motar itace ta kai shi asibiti a birni. Suka yi abin da za su iya, suka sallamo shi, ya dawo gida yana ramewa kullum. Mutanen ofis sun zo sun karɓi littafin, sun yi masa sannu, sun yi tambayoyi. Samarin ba a sake ganinsu ba, ba kuma wanda ya yarda ya ce ya san su. Dattijon da ya yi masa faɗa a kan buhu shi ne ya fi kowa zama a zaurenmu yana share hawaye. Goggo ta tare a gidanmu tana jinya. Ni ina dama kunu in miƙa mata daga bakin ƙofa, in koma bayan ɗakin in jingina da bango ina sauraren numfashinsa.

Wata ranar da hantsi Goggo ta fito ta karɓi kunun ta dube ni, ta mayar min da shi hannuna. Ta ce ita za ta je gida ta dubo awakinta, kuma ba za ta dawo da wuri ba. Ta ja ƙannensa ta fita da su. Na daɗe a tsaye da kwanon kafin na ɗaga labulen. Ya buɗe ido ya gan ni, ya yi yunƙurin tashi don girmamawa, ya kasa. Na zauna a bakin tabarmar. Har lokacin akwai sauran shuɗi a gefen faratansa. Sai ya tambaye ni, yana kallon rufin ɗaki, ko ni ma na yarda da maganar da aka yi a kan tawadar ne. Ashe abin da ke cin sa ke nan duk kwanakin nan. Ashe yana zaune a gindin tsamiya yana zaton uwarsa na zarginsa da kawo wa garinsu cuta. Ni ina can ina cewa ya san dalilina, shi yana nan bai sani ba. Na ajiye kwanon na kama hannunsa da hannuwana biyu, na kira sunansa, karo na farko tun da aka raɗa masa shi. Na ce wallahi ban taɓa zarginka ba, kunya ce, na kasa tsayawa a gabanka in faɗi sunana da na mahaifinka. Ya juyo ya dube ni sosai, ya yi murmushi, ya faɗi wata magana. Bayan ita bai sake cewa komai ba sai kalmar shahada, kafin azahar ya cika.

Ban ce kunya mugun abu ba ce. Da ita aka raine mu, kuma tana da kyau a inda take da kyau. Amma ina roƙon iyaye mata, musamman na karkara irina, ku duba ku gani ko abin da kuke kira kunya ya fara zama yabon da kuke so a yi muku. Ni nawa haka ya zama. Na fi tsoron a ce ungozoma ta yi rashin ta-ido fiye da tsoron gorar da nake gani da idona. Kada ku ɗauka ɗanku ya san abin da ke ranku don kun haife shi. In yana cikin hatsari ku buɗe baki ku yi masa magana, shi, ba akuya ba, ba bango ba. In kuma ƙarya ta zo gabanku kuna da ikon kashe ta da kalma ɗaya, ku kashe ta a wurin, domin shirun wanda ake jin maganarsa shi ma magana ce. Masu neman kujera kuma, da masu tura yara da gora, ku sani yaron da ke zaune a teburin nan da biro a hannu ɗan wata ne, wataƙila ma shi ke ciyar da gidansu.

Tun daga shekarar ba a sake yin rajista ko zaɓe ban kasance ta farko a layin mata ba. Matan da suka bi ni daga baya duk sun dangwala, sun kuma haihu, da hannuna na karɓi 'ya'yansu. Yarinyar da aka haifa ranar ma ni na karɓi haihuwarta ta fari, na kuma sa ta rungumi ɗanta a gaban kowa. Yanzu na'ura ake sa yatsa a kai, nawa kuma ya shafe don tsufa, sai yaran sun kama shi sun goge sun danna sau da yawa. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya riƙe min yatsa sai hawaye ya zubo min, su ɗauka ciwo suka ji min, su yi ta cewa sannu Iya, yi haƙuri, an kusa. Ba na iya gaya musu.

Na ce da jikata ta ajiye maganarsa a ƙarshe, don bayanta ba ni da abin ƙarawa. Yana riƙe da babban yatsana ya faɗe ta, a hankali, ba da faɗa ba, kamar mai lallashin yaro:

"Haba Inna. Ai na san sunanki, na san na Baba. Da kin zo ba sai kin ce komai ba. Hannu kawai za ki miƙo min."